Amsa: Yaya za mu tuna da malaminmu mai jita?

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan malaminku, ya ba ku haƙuri. Ka tambayi yadda za ku karrama mutumin da ke kiɗan rok (wani salon kiɗan Turawa) da dare, da rana yana koya wa yara jita.

Ni dai ku fara da kaset-kaset ɗinsa. Zafi da danshi suna cin zaren kaset, ku juye su a kwamfuta tun da wuri. Jitar kuma, don Allah kada a rataye ta a bango ta sha ƙura. Da izinin iyalinsa, ku sauya mata tsirkiyoyi shidan nan, ku miƙa wa ɗalibin da yatsunsa suka yi kanta a gaban malam, ya buɗe taron tunawa da malam da waƙar da marigayin ya fara koya masa.