Yaro ɗan shekara biyar zai iya sa baki a karatunsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a ajin nazare, yarana sun haura arba'in, 'yan shekara huɗu zuwa biyar. A wata bita an ce mana mu riƙa shawara da yara kan yadda za su yi karatu. Ni ina tsoron su raina ni. Kuma yaron da har yanzu ake ɗaura wa takalmi, me ya sani game da manhaja? Wata malama daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Manhaja tana hannunki, babu mai karɓe ta. Ke za ki ce yau ƙirga ɗaya zuwa goma za a koya. Abin da ake bar wa yaro shi ne hanyar: da murfin kwalba zai ƙirga, da tsakuwa, ko da ƙwallon dabino? Shi kaɗai zai zauna ko da abokinsa? Kowa dai sai ya kai goma, amma wanda ya ɗauko kayansa da kansa ya fi daɗewa a kan aikin kafin hankalinsa ya tafi waje.

An daɗe da gwada wannan. A 1962, a garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka, wani masanin ilimin yara mai suna David Weikart ya fara wani shiri da yara 'yan shekara uku da huɗu daga gidajen marasa ƙarfi. Tsarin da ya fito daga nan, wanda ake kira HighScope, mataki uku ne: yaro ya faɗi abin da zai yi, ya je ya yi, sannan ya dawo ya ba da labarin yadda ta kaya. An bi rayuwar yara 123, waɗanda 58 daga cikinsu suka shiga shirin, har suka kai shekara 40. 'Yan shirin sun fi kammala sakandare, sun fi samun abin hannu, kuma ba a cika kama su da laifi kamar sauran ba. Sai dai kada a ruɗe ki da wannan sakamako. A can malama ɗaya yara biyar ko shida take riƙewa, kuma duk mako ana ziyartar iyaye a gida, don haka ba zaɓin yaro kaɗai ya yi aikin ba.

A aji irin naki ba za ki iya tambayar kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Ki raba su rukuni-rukuni, kullum rukuni ɗaya ya faɗi shirinsa da safe, kafin tashi kuma ya faɗi abin da ya yi. Ranar tatsuniya ki ajiye gwangwani biyu, ɗaya na Gizo da Ƙoƙi, ɗaya na kura, kowane yaro ya jefa tsakuwa inda yake so. Na fi son wannan a kan ɗaga hannu, domin da zarar masu baki biyu ko uku sun ɗaga, sai aji ya bi su, yarinya mai kunya kuwa ko motsi ba za ta yi ba.

Inda malamai suka fi yin kuskure shi ne su tambaya alhali sun riga sun yanke. Sashe na 12 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ya ce a saurari ra'ayin yaro, a kuma ba shi nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Wata masaniyar haƙƙin yara, Laura Lundy ta Jami'ar Queen's da ke Belfast ta nuna a 2007 cewa barin yaro ya yi magana bai wadatar ba, sai maganar ta yi tasiri. Idan tsakuwar kura ta fi yawa, to kura za a yi, ko da ke Gizo kika shirya. Idan kuma ba zai yiwu ba, ki faɗa musu dalili.

Batun raini kuwa, ki bayyana tun farko abin da babu shawara a kansa: wanke hannu kafin cin abinci, hana dukan juna, lokacin tashi. Sauran kuma ki fara da zaɓi biyu kawai, waɗanda duk kin yarda da su. Sai sun saba ki ƙara na uku.