Ɓawon Lemo da Yurik Asid: Amsoshi ga Masu Lambu

Wani mai lambu a Kumbotso ya aiko yana cewa ya ji ana yaɗa labarin cewa ruwan ɓawon lemo yana rage yurik asid a jini, don haka yana so ya san ko ya fara tara ɓawon yana sayarwa a matsayin magani.

Malam, Allah ya yi wa lambu albarka. Maganar da ka ji tana da tushe, amma ba ta kai inda ake kai ta ba. Yurik asid datti ne da jiki yake samarwa idan ya sarrafa wasu sinadarai da ake kira fiyurin, waɗanda suke da yawa a hanta da ƙoda da sauran kayan ciki, kuma ƙodar mutum ce take fitar da mafi yawansa ta fitsari. Idan ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowane desilita na jini, yakan fara daskarewa ya zama ƙananan tsinkaye a gaɓɓai, sai a wayi gari babban yatsan ƙafa ya kumbura yana zogi, har mutum ba ya son ko mayafi ya taɓa shi. Wannan shi ne ciwon da likitoci suke kira gawut, wanda mutanenmu sukan haɗa shi da sanyin ƙashi alhali ba ɗaya ba ne.

A cikin ɓawon lemo akwai sinadarai irin su hesperidin, kuma gwaje-gwajen da aka yi a ɗakin bincike da kuma a kan ɓeraye sun nuna cewa wasu daga cikinsu suna rage ƙarfin abin da yake haɗa yurik asid a hanta, wato wurin da maganin asibiti mai suna allopurinol yake yin aikinsa. Sai dai masu binciken ba tafasa ɓawo suke yi a tukunya ba, tace shi suke yi da sinadarai su auna abin da suka samu, kuma hesperidin ba ya narkewa sosai a ruwa. Ka kuma lura da mai yankan lemo a bakin titi: yana juya lemon a hannu, wuƙa tana zare koren fatar sama kamar zare, farin ɓargon kuwa yana nan manne da lemon. To, a wannan farin ne hesperidin ya fi yawa, fatar sama kuwa man ƙamshi ne ya cika ta. Ke nan wanda ya kwashe tarin ɓawon da ke ƙarƙashin tire ya bar mafi yawan abin da yake nema. Hujjar da ke akwai a kan mutane ba ta kai a kira ɓawon lemo magani ba, kuma duk abin da za a ƙulla a leda da sunan magani sai ya samu rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Shawarata ita ce ka sayar da shi a matsayin abin ƙamshin shayi, kada ka yi wa kowa alkawarin waraka.

Wata Hajiya da take sarin lemo a Kasuwar 'Yan Lemo ta tambayi yadda ake busar da ɓawo ya daɗe bai lalace ba.

Hajiya, aikin yana farawa ne tun kafin a fere. A wanke lemon da ruwa mai tsabta, a ware duk wanda ya fara laushi ko ya nuna koren fumfuna, domin ɗaya yakan ɓata buhu. A fere har da farin, a yanka ƙanana, a baza a kan tabarma ko raga a saman benci, a inuwar da iska take ratsawa, saboda rana mai zafi tana korar ƙamshin. Hunturu shi ne lokacin da ya fi dacewa, amma a lulluɓe da yadi mai shara-shara saboda ƙurar Kano. Idan kika lanƙwasa ɓawon ya karye da ƙara, ya bushe. Idan ya lanƙwasu kawai, da sauransa. A zuba a kwalba ko bokiti mai murfi. Sana'ar ba ƙarama ba ce a wasu wurare, domin a yankin Xinhui na ƙasar Sin ana ajiye busasshen ɓawon tanjirin shekara 3 ko fiye, kuma tsufansa ne yake ƙara masa tsada. Abin da ya fi damuna a nan shi ne feshi, tunda a kan ɓawo maganin ƙwari yake zama, ga shi yawancin lemon da motoci suke saukewa a Kano daga Binuwai yake zuwa, mai saye bai san ranar da aka yi masa feshi na ƙarshe ba. Ki fi dogara da manomin da kika sani, wanda yake kiyaye kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar magani kafin ya tsinke.

Wani dattijo kuma ya tambaya ko zai iya ajiye maganin da aka ba shi a asibiti ya koma shan ruwan ɓawo.

Baba, kada ka ajiye. Yurik asid da aka bari ya yi yawa yana iya haifar da tsakuwar ƙoda, kuma gwajin jini ne kaɗai yake nuna ko ya sauka. Ka sha ruwa da yawa, musamman a lokacin bazara, ka rage kayan ciki da lemon kwalba mai zaƙi, sannan ka gaya wa likitanka duk abin da kake jiƙawa kana sha, domin wani nau'in lemo, wato garehul, yana ƙara ƙarfin wasu magungunan hawan jini a jiki fiye da yadda ake so. Ɓawon da ya yi saura a lambu kuwa, a busar a gauraya kaɗan a cikin dusar tumaki, ko a zuba shi a ramin taki ya ruɓe kafin damina.