Kunyar ɗan fari da kiran yaro jaki: mene ne hukuncinsu?

Tambaya: Malam, ni uwa ce a unguwar Birni, nan Damagaram. Ɗana na fari shekararsa 9. Ina yi masa kunya yadda muka tarar, ba na faɗin sunansa, ba na jansa a jiki. In ya yi ɓarna kuma sai in ce masa jaki. Jiya malaminsu na lakwal ya aiko cewa ba ya buɗe baki a aji, da aka matsa masa sai ya ce, "Ni ai jaki ne, Inna ma ta faɗa." Shin ina da laifi wurin Allah?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Baiwar Allah, maganar yaron nan ta taɓa mini zuciya. Abu biyu kika haɗa, kuma hukuncinsu ya bambanta.

Ɓoye sunan ɗan fari al'ada ce, malamanmu na Malikiyya kuwa suna karɓar al'ada matuƙar ba ta ci karo da nassi ba. Ki sa masa laƙabi mai daɗi, babu laifi. Amma in kunyar ta kai ga hana shi tausayin da ƙannensa ke samu, dole a bar ta. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Buhari da Muslim suka ruwaito.

Kiran sa jaki kuwa haramun ne. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da munanan laƙabi, ba ta cire ɗan cikinki ba. Nasa ma ya fi ciwo, don yaro bai san kansa ba sai ta bakin uwarsa. In ɗan unguwa ya zage shi, gida zai gudo a share masa hawaye. To in zagin daga gida ya fito, ina zai nufa? Sai ya gaskata, ya daina ɗaga hannu a aji.

Ba na ce ki daina tsawatarwa ba. Ki kama laifin, ki bar yaron. In ya zubar da fura, ki ce, "Ka yi ganganci, ɗauko tsumma ka goge." Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara 10 tun yana yaro, bai taɓa jin ko "tir" daga gare shi ba. Ki kuma tsare harshenki daga yi masa baki, don hadisin Jabir cikin Muslim ya hana yi wa 'ya'ya mugunyar addu'a, kada ta dace da sa'ar karɓa.

Ki tuba ga Allah. Yau da dare ki zaunar da shi kan tabarmarki, ki dafa kansa, ki gaya masa da bakinki cewa shi ba jaki ba ne, ke ce kika yi kuskure. Ki riƙa aikensa abin da zai iya, in ya dawo ki sa masa albarka a gaban ƙannensa.

Wallahu a'alamu.