Kafin ka biya kuɗin gidan nan, nemo inda ruwan yake fitowa

Assalamu alaikum. Malam, tun jiya da dare na ga tambayarka. Ka ce ka samu gida a nan Kano da sauƙin kuɗi, amma gindin bangon ɗaki biyu ya yi duhu, fenti yana ɓarewa, dillali kuma ya ce buhun siminti 2 da bokitin fenti sun kashe magana. Kana tambaya ko ka saya. Irinsa na saya, a cikinsa nake kwana har yau, don haka bari in ba ka labarin abin da ya same ni.

A watan Maris na sayi nawa, ana tsananin zafi, ko'ina ya bushe ƙayau. An shafe shi da sabon fenti, an manna tayil a bangon falo har zuwa ƙugu. Na zaci ado ne, ashe rufa-rufa ce. Agusta na shigowa, watan da ruwa ya fi sauka a Kano, sai ga tabo ya bayyana a saman tayil ɗin, layi guda kamar an ja da zare. Bayan sif ɗin uwargida fumfuna ta yi baƙi ƙirin, takalma da jakunkuna suka yi kore, ɗakin ya ɗauki wani wari da turaren wuta ya kasa kora. Autana mai asma ne, daminar nan kusan duk da tari ya kwana.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne laimar bango ba iri ɗaya ba ce. In tabon daga sama ya gangaro, kusa da silin, to rufi ne: kwano ya huje, indararo ya toshe, ko irin rufin ɓoyen nan da ake yayi, wanda kwatarsa ta kankare take tsagewa. Wannan kafinta da birkila za su gyara, kada ya hana ka saye. In kuma bango ɗaya ne kawai yake jiƙe rani da damina, leƙa bayansa, da wuya ka rasa banɗaki ko bututun famfo da ke yoyo a ciki. Shi ma mai sauƙi ne.

Wanda ka siffanta shi ne abin tsoro, mai haurowa daga ƙasa. Bulo yana tsotsar ruwa yadda lagwani yake tsotsar kananzir, yawanci ya hau kamar mita 1 ya tsaya. Ba ruwa kaɗai yake hawa ba, da gishirin ƙasa yake tafe. Ruwan ya bushe, gishirin ya zauna, shi ne farin garin nan da muke cewa bango ya yi kanwa. Shi yake cin filasta har ka sa yatsa ka ga yashi yana zuba. Abin da ya kamata ya tare shi tun wajen gini shi ne difisi, wato shingen hana laima a gindin bango, da jaman fulo, wato daɓen kankare na ƙasan gida, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankaren. Masu gina gida don sayarwa da yawa nan suke cin kuɗinsu, tunda mai saye ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Tayil da fentin mai kuwa ba magani ba ne, toshe wa bango numfashi suke yi, ruwan ya ƙara hawa sama ya nemi mafita.

Wani dattijo a layinmu ne ya warware mini zare, bayan aikin gama ya gama. Ya ce, "Ai yaro, nan wajen kududdufi ne, a nan muka koyi iyo." Da shara aka cike shi aka yanka filaye. Da na yi sallar Magariba sau ɗaya a masallacin unguwar kafin in biya, da na ji wannan a kyauta. Ga shi an ɗaga titin gabanmu, tsakar gida ta koma ƙasa da lambatu, ruwan layi ya samu masauki.

Gyaran da na yi ba ƙarami ba ne. An farfashe filasta har sama da inda tabon ya tsaya, muka bar bulo tsirara ya sha iskar hunturu, sannan aka sake da yashi mai tsafta da maganin hana ruwa. An ɗaga daɓen ɗakuna, an sa leda, an zuba siminti mai gangara a gindin bango ta waje, an kuma janye sokawe daga jikin gini. Ya yi sauƙi ƙwarai, amma ban ce maka ya tafi ba. Duk bayan damina biyu sai na taɓa wani lungu, rangwamen da na yi murna da shi kuwa tuni ya koma aljihun magina.

Don haka kada gaggawar dillali ta ɗebe ka, shi la'adarsa yake hange. In da hali, koma gidan washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda yake kwanciya. In rani ne, leƙa rijiyar gidan ko ta maƙwabta, ka tambayi inda ruwanta yake kaiwa a Agusta, ka dubi gindin katangun layin gaba ɗaya. In duk sun yi kanwa, ƙasar ce, ba gidan ba. Ƙwanƙwasa bango da mukulli, inda ya yi amon fanko filasta ta rabu da bulo. Ka je da injiniya ko maginin da kai za ka biya, ba wanda mai gida ya kawo ba, ya yi maka lissafin gyara a rubuce, a cire daga farashi. Amma in ka ga tsaga mai faɗi ta kwanta a karkace daga kusurwar taga, ko ƙofofi sun daina rufuwa daidai, to harsashi ne yake nutsewa. Wannan ko rabin kuɗi aka ce maka, ni dai ba na ba ka shawarar ka saya.

Turo mana hoton bangon, ka auna tsawon tabon daga ƙasa, ka kuma faɗi abin da ke bayan ɗakunan biyu. Akwai magina a cikinmu da suka fi ni ido.