Ɗaukar jakar golf a Legas: zai iya riƙe mai iyali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Obalende ne, shekarata 24, ina da mata da ɗa ɗaya a gida Arewa. Da acaɓa nake yi, da aka hana babur a yankinmu a 2022 sai na koma gadin dare a wani gida a Ikoyi, ana biyana wata-wata. Yanzu wani ɗan garinmu mai ɗaukar wa 'yan golf jaka ya ce in bar gadin ya shigar da ni, wai akwai ranar da mutum zai samu abin da ya fi kuɗin gadin sati guda. Na kuma gani a waya cewa masu wannan aikin a Amurka miloniyoyi ne. Don Allah yaya ake biya, yaya aikin yake, kuma in bar gadin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa nema albarka, ya raya yaro. Da ɗaukar jaka na fara tun ina yaro, yau kuma koyar da wasan nake yi a nan Legas, don haka tambayarka ta zo gida.

Ɗan garinku bai yi maka ƙarya ba. Akwai irin wannan ranar. Sai dai ranar sa'a ya ba ka labari, bai ba ka labarin Talatar da zai zauna a rumfa tun hantsi har la'asar ba a kira shi ba. Kedi, wato mai ɗaukar jakar, ba shi da albashin wata a yawancin filaye. Kuɗin zagaye ake biyansa. Kulob ne ke yanke abin da za a ba shi idan an buga ramuka 18, da abin da za a ba shi idan tara aka buga, mai wasan kuma shi ke biya daga aljihunsa. A kan wannan sai tukwici, wanda ba dole ba ne. Wani ogan zai ninka maka kuɗin, ya saya maka abinci da ruwa a tsakiyar wasa. Wani kuma zai ƙirga maka daidai abin da aka yanke ya shige motarsa. Kuɗin da aka yanke ya bambanta daga kulob zuwa kulob, yana kuma canzawa da tsadar rayuwa, saboda haka bakin shugaban kedi za ka ji shi, shi ne mai rajista da raba aiki. A wurare da yawa ma an kasa kedi aji-aji, sabon shiga yana ƙasa, gogagge yana sama, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Kasuwar aikin tana ci ne ranakun Asabar da Lahadi, da ranakun hutu, da lokacin gasa. A tsakiyar mako sai sassafe kafin a tafi ofis, sai kuma yamma. Ga damina. Ka san ruwan Legas na watan Yuni da Yuli, idan ya tsuge fili ya cika, ko aka fara tsawa aka dakatar da wasa, to ranar ta tafi, babu wanda zai biya ka zaman jira. Idan ka kwanta ciwo ma haka.

Ga wani ma'auni da za ka riƙe. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000, gwamnatin Legas kuma ta sanar da 85,000 ga ma'aikatanta. Ka raba 85,000 gida 26, kwanakin aiki a wata, za ka samu kimanin naira 3,270 a rana. Duk lissafin da za ka yi na aikin kedi, ka haɗa har da ranakun da ba a samu komai ba, ka cire kuɗin mota da abinci, sannan ka gwada shi da wannan da kuma albashin gadinka. Dokar mafi ƙarancin albashin ba ta rufe wanda ake biya bisa yawan aikin da ya yi ba, shi ya sa babu fansho, babu kuɗin asibiti, babu hutun da ake biya. Wannan yana damuna ƙwarai, domin na ga dattawan da suka yi shekara talatin suna bin ciyawa da jaka a kafaɗa, ranar da gwiwa ta ƙi, ranar samu ya tsaya.

Kai kana da wata sa'a guda. Filin Ikoyi Club 1938 yana maƙwabtaka da Obalende, da ƙafa ma za ka iya zuwa. Wanda ke tasowa daga Agege ko Mile 12 sai ya ƙetaro gada, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota yake cinye rabin wahalar mutum. Akwai fili a Ikeja, akwai na Lakowe Lakes can hanyar Lekki zuwa Epe, amma waɗannan sai wanda ke zaune kusa da su.

Shi aikin kansa, kada ka ga ciyawa shar ka ɗauka yawon shan iska ne. Zagaye ɗaya na ramuka 18 yana cin awa huɗu ko fiye, tafiyar ƙafa kuma ta kai kilomita bakwai zuwa goma idan ogan naka mai watsa ƙwallo daji ne. Jakar da sandunanta da ƙwallaye da lema da gorar ruwa tana haura kilo goma. Wanda ya yi zagaye biyu a rana cikin zafin watan Maris, ranar ba ya bukatar a rarrashe shi ya yi barci. Ka nemi takalmi mai kyau da hula kafin komai. Idan azumi ya kama, ka roƙi a sa ka a layin asuba.

Amma abin da nake so ka fi riƙewa daga duk amsar nan shi ne wannan: ba ƙarfin kafaɗa ake saya a wurin kedi ba. Da ɗaukar kaya ne kawai, da keken turawa ya wadatar, ga kuma ƙananan motocin lantarki da wasu filaye ke bayarwa haya. Abin da mai wasa ke biya da daɗin rai shi ne ido da sani. A dokar golf, wadda hukumar R&A ta garin St Andrews a Sukotilan da takwararta ta Amurka suke tsarawa, ba a yarda ɗan wasa ya nemi shawara a wurin kowa ba yayin gasa sai kedinsa ko abokin da suke ɓangare ɗaya. Ka ga ke nan matsayinka ya wuce na ɗan dako. Kai ne za ka ce masa, "Oga, saura yadi 150, iska tana fuskantarmu, ɗauki sandar ƙarfe mai lamba shida maimakon mai lamba bakwai." Kai ne za ka durƙusa a kan girin, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da ramin yake, ka duba gangara da inda ciyawa ta kwanta, ka ce ƙwallon za ta karkata dama da faɗin tafin hannu. Idan ta faɗa rami kamar yadda ka faɗa sau biyu, sau uku, an gama. Asabar mai zuwa da sunanka zai tambaya, ba za ka bi layi ba. Kedin da ke da oga uku ko huɗu na dindindin shi ne wanda aikin ke riƙewa. Wanda ba shi da kowa, kullum yana hannun sa'a.

Sai dokoki, kuma a nan ne sababbi ke faɗuwa, domin laifin kedi a kan mai wasa ake rubuta shi. Ba a shiga gasa da sanda fiye da 14 a jaka. A gasar British Open ta 2001, Ian Woosnam yana cikin na gaba-gaba a ranar ƙarshe sai aka tarar da sanda 15 a jakarsa, aka ci shi tara ta ƙara masa bugu biyu a lissafinsa, alhali mai ƙarancin bugu ne ke cin wasan, ya ƙare a na uku. Ƙirga sanda ne kawai ba a yi ba. Tun 2019, idan ƙwallo ta ɓace minti uku kacal ake da shi na nema, a da biyar ne, don haka idonka ya bi ta tun daga sama har inda ta sauka, ka shaida wurin da wata bishiya ko tudu. Tun wannan shekarar kuma an hana kedi tsayawa a bayan mai wasa yana saita masa hanya da zarar ya fara gyara tsayuwar bugu. Ga ƙananan ladubba: ba a motsi ko magana idan ana bugu, ba a taka layin da ƙwallon wani za ta bi zuwa rami, ba a barin inuwarka ta faɗa kansa, ramin yashi kuma ana share shi bayan an fita. Ka koyi Turancin ƙirga da na sunayen sanduna, Burokan ɗin da ka iya a acaɓa zai kai ka sauran.

Akwai jarrabawar da ba a faɗa wa sabon shiga. Mutane da yawa suna buga wasan da caca a tsakaninsu, kuma wata rana wani zai ƙyafta maka ido ka ɗan shure masa ƙwallo daga cikin dogon haki zuwa fili. Kada ka yi. Ni an taɓa neman haka a wurina ina saurayi, na ƙi, mutumin ya hana ni tukwici ya kuma daina ɗaukata, amma abokin wasansa da ya lura da abin shi ya riƙe ni shekaru. Haka nan jakar oga akwai waya, agogo, makullin mota, wani lokaci da kuɗi. Mutanenmu a Legas da amana aka san su, ita ce ma ta sa aka ba ka gadin gida. Fili ƙaramin gari ne, zargi ɗaya ya isa a soke sunan mutum daga rajista. Za ka kuma haɗu da wanda zai ɓata bugunsa da hannunsa ya juyo ya zazzage maka. Haƙuri ya zama dole, amma zagin iyaye ko ɗaga hannu ba ya cikin aikin, ka kai ƙara wurin shugaban kedi. Ina kira ga masu wasan da za su karanta wannan su ji tsoron Allah game da yaran da ke bin su awa huɗu cikin rana.

Batun Amurka kuwa gaskiya ne, amma na mutane ƙalilan ne. A manyan gasanninsu al'adar ita ce kedi yana da kuɗin mako, sannan yana samun kusan kashi 5 cikin ɗari na abin da ɗan wasa ya ci, kashi 7 idan ya shiga goman farko, kashi 10 idan ya ɗauki kofi. Inda kyautar ta kai dala miliyan uku ko huɗu, ka ga kashi goma ba ƙaramin abu ba ne. Steve Williams, mutumin New Zealand, ya ɗauki jakar Tiger Woods daga 1999 zuwa 2011, ya yi arziki da ita. Sai dai su ma daga aljihunsu suke biyan jirgi da masauki, kuma wanda ubangidansa bai taɓuka komai ba yana iya komawa gida da asara. Kai kuma 'yan kulob za ka yi wa aiki, masu wasan motsa jiki da nishaɗi, babu kason kyauta a ciki.

Abin da ya fi kusa da kai shi ne ƙofar da aikin ke buɗewa. Seve Ballesteros na Sifaniya da Lee Trevino na Amurka duk da ɗaukar jaka suka fara kafin duniya ta san su, kuma yawancin ƙwararrun 'yan golf na Najeriya ta nan suka biyo, daga filayen Kaduna, Jos, Kano, Legas da sauransu. Wannan filin na Ikoyi da kake wucewa ta gefensa ya karɓi gasar Nigerian Open shekaru da dama. Sandy Lyle ya ci ta a 1978, Vijay Singh ya ci a 1988 da 1989 kafin ya zama na ɗaya a duniya a 2004. A wancan zamanin yashi ne da aka kwaɓa da mai a kewayen ramukan maimakon ciyawa, har akwai masu aikin lallashe shi kafin a buga. Kulob-kulob da yawa suna ware lokacin da kedi ke buga wasa, wasu har gasa suke shirya musu. A shekara 24 zama zakaran gasa zai yi wuya, ba zan ɓoye maka ba, amma koyarwa, gyaran sanduna, kula da ciyawa, ko shugabancin kedi duk sana'o'i ne da ake kaiwa. Na kuma ga waɗanda ta sanadin oga suka samu aikin tuƙi ko aka biya wa 'ya'yansu makaranta. Wannan rabo ne, kada ka sa shi cikin lissafi.

To, ka bar gadin? A'a, ba yanzu ba. Ba a sakin reshe a kama ganye, balle mai aika kuɗin abinci gida duk wata. Ka je da ɗan garinku a yi maka rajista ta hanyar da kulob ya tsara, da katin shaidarka na ƙasa da wanda zai tsaya maka, kada ka ba kowa kuɗi a bayan fage. Ka fara da ranar da kake hutu, ko ka nemi maigidanka ya ba ka daren Juma'a ka kwana, don wanda ya kwana gadi ba zai iya bin ƙwallo da ido a sama ba. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kowace fita: ranar, abin da aka biya, tukwici, abin da ka kashe, har da ranar da ka dawo hannu rabbana. Ka yi haka wata huɗu, kuma ka tabbata watannin ruwa suna ciki. A bayan littafin ka zana ramukan ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta nisan kowace bishiya da kowane ramin yashi zuwa girin.

Idan samu ya fara, ka shiga adashi da abokan aikin, ka yi wa kanka rajistar inshorar lafiya ta jihar Legas da ake kira Ilera Eko, ka kuma tambayi tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu da hukumar fansho ta ƙasa ta ƙaddamar a 2019. Ranar da littafin ya nuna abin da ya rage maka ya wuce albashin gadi wata uku a jere, kuma kana da aƙalla oga biyu masu kiranka da suna, sai ka je ka yi sallama da maigidanka cikin mutunci, ka ba shi lokaci ya nemi wani. Ka rubuto mini bayan wata huɗun da abin da ke cikin littafin, mu duba tare. Allah ya sa a dace.