Amsa: Bayan Barbarossa, Turkawa sun sake yin babban kwamandan ruwa?

Malam, ka tambaya ko Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta sake samun shahararren kwamandan sojan ruwa bayan Barbarossa, babban kwamandan ruwanta na ƙarni na 16. Ta samu: Hasan Fasha, wanda ya rasu a 1790. Ya daɗe yana aikin soja a Aljeriya kafin ya koma Santambul.

Abin mamaki, a ranar asara sunansa ya fito. A watan Yulin 1770 Rashawa suka ƙone kusan dukkan jiragen yaƙin daular a Ceshme, wata tashar ruwa a gaɓar yammacin Turkiyya. Kafin wannan gobara, jirgin Hasan ya yi arangama da babban jirgin Rashawa har dukansu biyu suka kama da wuta, shi kuwa ya tsira da rauni. Ba a jima ba aka ba shi shugabancin rundunar ruwa baki ɗaya.

Ni a ganina, babban gadonsa makaranta ce. Ya gane cewa jarunta ba ta maganin rashin iya lissafi da tuƙi, don haka a 1773 aka buɗe makarantar injiniyoyin ruwa, wadda Jami'ar Fasaha ta Santambul ke ɗauka a matsayin tushenta.

A 1786 ya kai yaƙi Masar ya kori Murad Bey da Ibrahim Bey, waɗanda ke riƙe da ikon ƙasar a lokacin, daga Alƙahira, amma daga baya suka dawo. A 1788 Rashawa sun sake ba shi kashi kusa da Ochakof, wani garin gaɓar teku a ƙasar Ukraine ta yau. Yana Babban Waziri ajali ya same shi.

Af, yana kiwon zaki, shi ya sa mutum-mutuminsa a Ceshme yake tare da zaki.