Tambaya da Amsa: Yarana ba sa jin Badanci

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni 'yar Gashuwa ce, aure ne ya kawo ni Kano. Duk sanda muka je gida kakarsu ta yi wa yarana magana da Badanci sai su yi zuru suna kallonta, ni kaina ina ji amma mayarwa sai da ƙyar. Wai da gaske ne yare yana mutuwa ko dai tsoratar da mu ake? Daga Maman Yara, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi da gaske ne, kuma ba sai mun je nesa ba. Auyokawa da Teshenawa na Jigawa, da Shirawa na Bauchi, da can duk suna da yarensu, dangin Badancin naku ne ma, yau mutanen suna nan garuruwan suna nan amma babu mai yin yaren ko ɗaya. Haka Ajawa na Bauchi, tsakanin 1920 da 1940 nasu ya tafi. Kuma gaskiya ɗaya ce, a nan arewa Hausa ce ke haɗiye ƙananan yaruka, ta kasuwa da auratayya da makarantar allo da rediyo, babu wanda ya sa doka, iyaye ne kawai suke ganin Hausar ta fi sauƙi har a wayi gari jika ba ya jin kakarsa. Abin da kika gani a gidanku kenan.

Amma Badanci ya yi sa'a, an yi masa aiki. Marigayi Farfesa Russell Schuh na jami'ar UCLA ta Amurka, tare da Alhaji Maina Gimba da masu yarukan kansu, sun tattara yarukan Yobe irin su Bade, Ngizim, Bole, Karekare da Ngamo, a 2004 suka fitar da ƙamus-ƙamus ɗinsu da fassarar Hausa da Turanci, har karin harshen Gashuwa akwai nasa daban. Sai dai ƙamus ajiya ce kawai, ba ya koya wa yaro magana.

Shawarata, tunda kina ji ki fara da gaisuwa da aike, "kawo ruwa", "rufe ƙofa", "zo ka ci", ko da kina kwaɓawa, kar ki ji kunya. Ki roƙi Kaka kar ta dinga juyawa Hausa don ta ga sun yi shiru, nan ne ake yin asarar. In kun je hutu ki ɗauki waya ki yi rikodin tatsuniyoyinta da waƙoƙin daka da sunayen kifayen kogin Yobe, in kun dawo Kano kuma ta riƙa turo musu saƙon murya ta WhatsApp su amsa da abin da suka iya. Ki sanar da maigida tun farko, kar ya ɗauka gulmarsa kuke yi.